Burodin takardar likita ya yi muku yawa? Ga yadda ake kai shi bankin abinci a Birtaniya

Ranar da na buɗe kabad ɗin ƙarƙashin bene ina neman tsintsiya, na ƙirga ledar gari goma sha ɗaya da burodi bakwai waɗanda ko taɓa su ba a yi ba, ranar na gane muna tafka ɓarna a gidan nan ba mu sani ba. Duk na 'yata ne. Tana shekara tara likitoci a nan Manchesta suka tabbatar tana da cutar siliyak, wadda idan gulutin ya shiga ciki sai garkuwar jiki ta afka wa bangon ƙaramin hanji, abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata. Gulutin kuwa furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai. Cutar ba ta da ƙwaya ko allura, maganinta kawai a bar gulutin har iya rai. Ƙungiyar Coeliac UK, wadda aka kafa a 1968, ta ce kusan mutum 1 cikin 100 na ɗauke da ita, ko da yake mafi yawansu ba su sani ba.

Saboda haka ne hukumar lafiya ta NHS, tun ƙarshen shekarun 1960, take rubuta wa masu cutar abinci marar gulutin a takardar likita, a je kemis a karɓa kamar magani. A Ingila, daga Disamban 2018, an taƙaita abin zuwa burodi da haɗaɗɗen garin yin burodi kawai. Ana lissafi ne da awo: burodi mai giram 400 awo ɗaya, gari mai giram 500 awo biyu, kowa kuma da adadin awon da aka yanka masa a wata gwargwadon shekarunsa.

To, a nan gizo ke saƙa. An yi lissafin ne da cimar Bature a zuciya: gasasshen burodi da safe, sanwic a jakar makaranta, wani yanka da miya da daddare. Mu kuwa gidan tuwo ne. Tuwon shinkafa, tuwon masara, biskin gero, faten acca, doya, dankali, kunun gyaɗa, duk Allah ya yi su ba gulutin. Abin da muka rasa a tukunyarmu semovita ce da taliya da gurasa da funkaso, sai ɗanwake da na koma yi da garin wake da rogo zalla. Yarinya tana cin yanka biyu da shayi ta ce ta ƙoshi, wata kuma yana zagayowa kemis ya turo saƙo wai kaya sun iso. Na tabbata ba gidana kaɗai ba ne. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda na bi na kai ragowar bankin abinci, wato wurin da ake tara abinci a raba wa mabuƙata kyauta, da inda na yi tuntuɓe.

Da farko, a raba kayan gida uku

Ku fito da komai ku shimfiɗa a kan tebur, cikin haske. Abu biyu za ku duba a jikin kowace leda: kwanan wata da lafiyar ledar.

Kwanan wata iri biyu ne a Birtaniya, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. Idan an rubuta "use by", magana ce ta lafiya: da zarar ranar ta wuce, doka ta hana a raba abin ga kowa, ko da kyauta ne. Idan "best before" aka rubuta, magana ce ta daɗi da inganci, abin na iya ciwuwa bayan ranar. Gari da burodi mai daɗewa galibi "best before" ne a jikinsu. Amma kada wannan ya ruɗe ku, yawancin bankunan abinci suna son abin da ranarsa ba ta wuce ba, wasu ma suna son wanda ke da sauran makonni a gaba, domin kafin a tantance a jera a kai ga mai buƙata ana ɗaukar lokaci.

Kashi na farko shi ne na kaiwa: gari a rufe, burodi mai daɗewa wanda aka liƙe a leda mai kauri, irin wanda ake ƙarasa gasawa a gida, duk da sauran kwana. Ku danna ledar burodin da tafin hannu. In ta yi tsam kamar matashi, lafiya lau. In iska tana fita ko kun ga ɗigon kore a ciki, ya tashi daga aiki. Ku juya ledar gari ku kaɗa ta a kan baƙin faranti, in gari ya zubo akwai huji, ku ajiye wa kanku.

Kashi na biyu shi ne sabon burodi, wanda kemis ke kawowa a kwali, guda shida ko takwas lokaci guda, a ce ku sa a firiza ranar da ya iso. Wannan kwanakinsa kaɗan ne, kuma yawancin bankunan abinci busassun kaya da na gwangwani suke ajiyewa. Wanda ya riga ya kwana a firizarku kuwa, ku manta da batun banki. Ba su da hanyar sanin yaushe ya daskare, ko ya taɓa narkewa ya koma. Akwai wata hanyar da zan zo kanta.

Kashi na uku shi ne wanda ba ya fita gidan sam sai dai zuwa kemis ko shara. Duk ledar da aka buɗe, ko cokali ɗaya aka ɗiba. Ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da ake yawan rubuta wa masu siliyak, waɗannan magani ne, kemis ake mayar da su a lalata. Sai abu ɗaya da nake son ku buɗe ido a kansa: akwai burodi da gari masu ƙarancin furotin da ake rubuta wa masu wata lalura daban, irin su PKU, wata cutar gado da ke hana jiki sarrafa wani ɓangare na furotin. A ido suna kama da marasa gulutin kamar an tsaga kara, amma an cire musu furotin da gangan, ba a cinsu sai da sa idon masanin abinci. In kun ga "low protein" a jiki, ba na bankin abinci ba ne. Haka kwalaben madarar ƙarin kuzari ta marasa lafiya. Abincin wani gubar wani.

Kada ku wahalar da kanku zuwa kemis

Ni nan na fara, don a tunanina mai kaya ya fi kowa sanin inda zai kai kayansa. Na cika jaka biyu na tafi. Matar da ke kanta ta yi min bayani cikin ladabi cewa duk abin da ya riga ya fita ƙofar kemis ba ya komawa kanta, ba a sake ba wa wani, ko da ba a taɓa shi ba, domin ba su san yadda aka ajiye shi ba. In na bar musu, sai dai ya bi layin lalatawa. Na tsaya riƙe da jakunkunan kamar wadda aka dasa. Abin da ya ƙara ɓata min rai shi ne, wata huɗu suna yin odar kayan da kansu a madadina ba tare da sun tambaye ni ko na baya sun ƙare ba. Amma in za a faɗi gaskiya, ni ma ban taɓa buɗe baki na ce ya isa ba.

Darasi ɗaya na kwaso daga wurin: ku buɗe jakar tun kuna gaban kanta. Abin da ba ku so, ku miƙa musu a nan take kafin ku taka ƙofa, wannan yana iya komawa cikin kayansu.

Tambayar da maigida ya yi min da na dawo ita ce, shin ma ya halatta a ba wa wani abin da likita ya rubuta da sunan 'yarmu? Tambaya ce mai kyau. Burodin nan abinci ne, ba ya cikin magungunan da doka ta hana a miƙa wa wani, kowa na iya sayen irinsa da kuɗinsa. Ragowar da ta taru ba da niyya ba, bayar da ita ya fi zubar da ita. Amma akwai iyaka guda biyu da ban ga wani kwana-kwana a cikinsu ba. Ba a sayarwa, ko a eBay ko a Facebook ko a tsakanin 'yan uwa. Kuma ba a ci gaba da yin oda da gangan don a riƙa rabawa. Kuɗin jama'a ne aka ware don lafiyar mutum ɗaya, wanda ya mayar da shi hanyar sadaka ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, kuma zai iya jefa kansa cikin zargin zamba.

A cire suna, a bar bayani

Kemis na manna farar takarda a jikin kwali ko leda, ɗauke da sunan mai cutar da kwanan wata da sunan kemis ɗin. Wannan sirrin lafiyar ɗanku ne, kada ya fita. Wata takardar tana ɓaruwa da farce, wata kuma sai ta yi gardama. Ni na'urar busar da gashi nake hura mata kamar daƙiƙa goma, gam ɗin ya yi laushi, ta taso salin alin. In ta ƙi, baƙin alƙalami mai kauri ya isa, a shafe sunan sau biyu. Kada ku sa wuƙa ko reza, kuna huda ledar aikin ya zama gyaran gangar Auzinawa.

Abin da ba za ku taɓa ba shi ne jerin kayan haɗi, da kwanan wata, da rubutun "gluten free", da tambarin zangarniyar da aka soke in akwai shi. A dokar ƙasar, ba a rubuta wa abinci "gluten free" sai gulutin ɗinsa bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba, kuma wannan rubutun ne kawai hujjar mai karɓa. Kada ku juye gari a wata roba don ya yi kyan gani. Garin da ba ya cikin ledarsa ta asali, mai siliyak mai hankali ba zai ci ba, ni ma ba zan ba 'yata ba.

Akwai wani abu a jerin kayan haɗin da mutane da yawa ba su sani ba. Da dama daga kayan kamfanonin Juvela da Glutafin, waɗanda suka fi yawa a takardar likita, ana yin su ne da sitacin alkama da aka wanke wa gulutin. Ga mai siliyak ba matsala. Amma ga wanda jikinsa ba ya karɓar alkama ita kanta, wannan haɗari ne, don lalurar daban ce. Masu aikin sa kai kan haɗa su biyun a wuri guda a ƙwaƙwalwarsu. In kayanku na da sitacin alkama, ku faɗa da baki, ku kuma rubuta.

A kira kafin a je

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. A bakin ƙofar manyan kantuna irin su Tesco da Asda da Sainsbury's akwai manyan akwatunan tara abinci, abu mafi sauƙi shi ne ka jefa ka wuce kana jin ka yi aikin lada. Don Allah kada ku yi haka da kayan nan. Burodi zai kwana a ƙarƙashin gwangwanayen wake da tumatir ya lotse, ledar gari ta fashe ko ta kwanta kusa da fulawar alkama. In ma ya tsira, a sito za a auna shi a jera shi tare da sauran kaya, ya ƙare a jakar wanda ba ya buƙatarsa, ya gutsira ya ji ba irin burodin da ya saba ba ya watsar. Mai siliyak kuma ya zo washegari a ce masa babu.

Bankunan abinci a Birtaniya kashi biyu ne. Akwai na ƙarƙashin Trussell, ƙungiyar da ta buɗe bankinta na farko a Salisbury a shekarar 2000, yanzu tana da wuraren rabo sama da 1,400, kuma a shekarar 2023 zuwa 2024 ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3. A shafinsu na intanet kuna sa lambar unguwarku a nuna muku mafi kusa. Tsarinsu shi ne mai buƙata ya zo da takardar turawa daga wurare irin su ofishin ba da shawara na Citizens Advice ko makaranta ko likita, a ba shi abincin aƙalla kwana uku, kuma ana tambayarsa ko akwai abin da ba ya ci. Wato sun san masu siliyak ɗinsu. Sai kuma masu zaman kansu, na masallatai da coci-coci da cibiyoyin unguwa, da yawansu suna cikin ƙungiyar IFAN. Shafin Give Food yana nuna abin da kowane banki ke nema a lokacin.

In kun kira, ku nemi mai kula da sito, ku faɗi abu huɗu: menene kayan kuma guda nawa, yaushe kwanansu zai ƙare, cewa daga takardar likita suka fito amma a rufe suke, sannan ku tambaya ko suna da masu zuwa da ba sa cin gulutin. Batun takardar likitar kada ku ɓoye shi. Kowane banki da ƙa'idarsa, wani zai karɓa hannu bibbiyu, wani zai ce ba sa karɓar komai da ya fito daga kemis. Na farko da na kira haka suka ce min, ban kuma ga laifinsu ba, suna tsoron abin da ba su sani ba ne.

Na biyu na wani masallaci ne, inda wata dattijuwa 'yar ƙasarmu ke aikin sa kai. Da na isa ta ɗaga leda ɗaya tana juya ta.

"Ke 'yar nan, wannan ba fulawa ba ce?"

"Ba ita ba ce, Hajiya. Ta masu lalurar da ba sa cin alkama ce. Don Allah kada a haɗa ta da sauran."

"Ikon Allah. Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa da ɗanta, kullum sai ta ciro taliya da biskit daga jakar ta mayar mana. Ni a zatona iyayi ne."

"Wataƙila ita ce mai rabon, Hajiya. Amma a fara tambayarta ko alkamar ce gaba ɗaya ba ya ci, ko gulutin ne kawai."

"To, Allah ya yi miki albarka. Kawo alƙalami ki rubuta min yadda zan tambaye ta."

Wannan mata ita ce dalilin duk wahalar nan. Ƙunshin da bankin abinci ya saba bayarwa cike yake da taliya da hatsin karin kumallo da biskit da miyar gwangwani mai kaurin fulawa, mai siliyak na iya mayar da rabi. A kanti kuwa, Coeliac UK ta nuna cewa burodi marar gulutin mafi araha ya ninka na alkama mafi araha kusan sau shida in aka auna giram da giram. Ga shi tun da aka bar wa hukumomin lafiya na yanki ikon yanke hukunci a Ingila, wasu yankunan sun daina rubuta abincin nan gaba ɗaya. Sai ka ga gida ɗaya kabad ya cika ya batse, wani gidan a gari na gaba ko yanka ɗaya ba a rubuta musu.

Yadda ake ɗaure kayan

Jaka daban, sabuwa ko wankakkiya, ba wadda kuka saba ɗauko fulawa da semovita a ciki ba. Gari a ƙasa, burodi a sama. In kuna kai wasu kayan sadaka a tafiya ɗaya, kada su haɗa jaka. Ku manna takarda a waje da manyan haruffa da Turanci, tun da shi masu aikin ke karantawa: "gluten free", da kwanan da ya fi kusa ƙarewa, da gargaɗin sitacin alkama in akwai. Ku miƙa hannu da hannu ga wanda kuka yi waya da shi, a ranar da suke karɓar kaya, ba ranar rabo ba da kowa ke kai da kawowa.

In kuna da hali, ku ƙara da abin da zai sa garin ya yi amfani: 'yar ledar yis da ƙaramar kwalbar mai. Wanda ya zo bankin abinci ba lallai yana da su a gida ba. Wasu garin suna zuwa da yis ɗinsu a cikin kwali, ku duba.

In banki ya ce a'a, ko sabon burodi ne

Akwai firij ɗin unguwa, waɗanda ƙungiyar Hubbub ke haɗa kansu a faɗin ƙasar, inda kowa ke iya ajiyewa kowa ke iya ɗauka, kuma suna karɓar abin da kwanansa ya kusa. Akwai manhajar Olio, ku ɗauki hoto ku sa, maƙwabci ya zo ya karɓa kyauta, sau da yawa a ranar. Coeliac UK na da rassan 'yan sa kai a garuruwa, a nan ne za ku fi saurin samun wanda ya san darajar kayan. Burodin firiza ma ta nan yake samun mai shi, muddin kun faɗi gaskiyar ranar da kuka daskarar da shi. Wata ƙawata ta ce in haɗa a kaya in aika gida Kano. Na ce mata kuɗin awon jirgi kaɗai ya fi ƙarfin burodin, ga zafi, ga kwanan wata, ga shi can gero da dawa sun wadata.

Sai a toshe inda ruwan ke shigowa

In kun kai sau ɗaya kuka koma kuka bar odar yadda take, bayan wata uku kabad zai sake cika. Ku gaya wa kemis su daina yin oda da kansu, ku riƙa nema da hannunku ta manhajar NHS ko ta asibitin unguwarku, abin da ya ƙare kawai. Adadin awon da aka yanka muku iyaka ce, ba dole ne a cinye shi duk wata ba. A Ingila babba na biyan fam 9.90 a kan kowane abu da aka rubuta, sai in yana da takardar biya ta shekara ko yana cikin waɗanda aka yafe wa, irin su yara 'yan ƙasa da 16 da masu shekara 60 zuwa sama, don haka wani ma kuɗinsa yake ƙonawa. A Sikotilan, inda takardar likita kyauta ce, abin ya fi sauƙi: fom ake cikewa a kemis duk wata, sai ku rage da alƙalaminku.

Amma kada fushin ɓarna ya sa ku soke takardar ɗungurungum, musamman ta yaro. Da yawa daga burodin nan an ƙara musu sinadarin ƙarfin ƙashi, abin da masu siliyak ke yawan rasawa. Ku nemi ganin masanin abinci, ku gaya masa ainihin abin da ake ci a gidanku, da sunan tuwo da miya, ku yi masa bayanin abin da ke ciki. In kuma matsalar ita ce yaron ba ya son ɗanɗanon, a canza kamfani. Juvela da Glutafin kan aika wa waɗanda aka tabbatar suna da cutar kwalin ɗanɗano kyauta, sai a gwada kafin a yi odar guda takwas.

Mu da muka zauna da tamu masaniyar, ta rage burodin zuwa kwali ɗaya duk bayan wata biyu, ta bar mana gari leda biyu a wata. Da shi nake yi wa yarinyar fanke ranar Asabar, da cincin in Sallah ta zo. Na gwada alkubus sau biyu, ya fito kamar dutse, har yanzu ina neman wadda ta iya.